Bos ɗinka ba ya buƙatar kakanni tara

Salam ɗana. Na ga saƙonka tun daren jiya amma caji ya ƙare min, sai yanzu da aka kawo wuta na zauna na buɗe hotunan da ka turo. Shafi 11 cur na tarihin bos ɗin komik ɗinka, wato babban mugun labarin, tun daga kakan kakansa da aka kora daga gari har kakanni tara kafin a iso kansa, sannan kana tambayata wai a farkon littafi za ka zuba su ko a tsakiya, kuma wai dole ne mugu ya gaji mugunta a gida kafin mai karatu ya yarda da shi? Sannu da ƙoƙari, hannunka ya fara faɗawa kam, inuwar nan da ka sa a ƙarƙashin haɓarsa ta yi. Amma tsakani da Allah shafukan nan ko ɗaya ba zai shiga littafin a yadda yake ba. Kar ranka ya ɓaci, tsaya ka ji.

Ka san Doctor Doom ai, mai fuskar ƙarfen nan da koriyar alkyabba wanda na manna hotonsa a saman teburina kake yawan tsayawa kallo. To shi zan ɗauko maka don a iya sanina babu bos ɗin da aka ƙera wa asali da kyau irinsa. Marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby ne suka ƙirƙiro shi a kamfanin Marvel na Amurka, ya fara fitowa a Fantastic Four, komik ɗin wasu jarumai huɗu, fitowa ta 5, shekarar 1962. Ka san nawa aka faɗa na tarihinsa a ranar? Ƴan akwatunan zane kaɗan a shafi. Reed Richards, shugaban jaruman, ya ji muryarsa yace ai na san wannan, mun yi jami'a tare, yana haɗa kimiyya da tsafi, wani gwaji ya fashe masa a fuska aka kore shi, shikenan aka ci gaba da rigima. Ba uwa, ba uba, ko sunan ƙasarsa ba a ambata ba. Mutumin ya sace Sue, macen cikin jaruman huɗu, ya tura sauran ukun zamanin da da na'urarsa su ɗebo masa dukiyar wani ɗan fashin teku, da aka zo aka kai masa naushi kuma sai ga shi ashe mutum-mutumi ne ya ajiye a madadinsa. Sai da aka yi shekara biyu yana gasa musu aya a hannu, masu karatu suka ƙagu su san wai wane ne wannan, sannan a 1964 aka ba da cikakken asalinsa a fitowar shekara-shekara ta 2. Kaga an bar mutane sun ji yunwa tukun aka sauke tukunya. Kai kuma kana so ka ɗura musu tuwo tun ba su wanke hannu ba.

Yanzu ga asalin, ka lura da mutum nawa ne a ciki. Sunansa Victor von Doom, an haife shi a Latveria, ƙasa ce ta ƙirƙira da aka dasa a tsaunukan gabashin Turai, kar ka je nemanta a taswira. Danginsa Romani ne, mutanen nan masu yawo da keken doki daga gari zuwa gari waɗanda Turawa suka daɗe suna tsangwama, wannan ɓangaren kam ba ƙirƙira ba ne, an yi musu hakan da gaske. Uwarsa Cynthia matsafiya ce, ta rasu yana ɗan ƙarami. Ubansa Werner mai magani ne, mutumin kirki wanda ko kaza bai iya yi wa mugunta ba. Wata rana basaraken yankin ya aiko aka tafi da shi ya duba matarsa da ke kwance, ciwon ya riga ya ci ƙarfinta, ya yi iya yinsa ta mutu, shi kuma ya san kansa za a nema sai ya ɗauki ɗansa suka gudu cikin ƙanƙara. Ya tuɓe kayan jikinsa ya lulluɓe yaron, sanyi ya kama shi, ko da aka tsinto su ya riga ya yi nisa. Wurin da nake so ka buɗe ido shi ne maganarsa ta ƙarshe, yana ce wa amininsa Boris a kare, a kare, bai ƙarasa ba rai ya yi halinsa. Yaron ya ɗauka cewa ake a kare shi. Boris shi ya gane abin da mamacin ke nufi, wato a kare duniya daga yaron nan. Akwati ɗaya wallahi, amma ya fi shafukanka sha ɗaya nauyi, yi haƙuri.

To ka ga amsar tambayarka ta biyu ta fito da kanta. Uban Doom ba mugu ba ne, uwar ma da aka zo aka faɗaɗa labarinta daga baya, don ta ƙwato wa mutanenta ƴanci ta je ta ƙulla yarjejeniya da Mephisto, shaiɗanin duniyar Marvel, ya yaudare ta ya riƙe ruhinta. Almara ce dai ta Turawa, a'uzubillahi. Abin da Victor ya gada kaya biyu ne, akwatin tsafin uwarsa da ya tsinta bayan mutuwar uban, da ƙullin abin da masu mulki suka yi wa gidansu. Girman kan kuwa nasa ne, ba wanda ya bar masa wasiyyarsa. Kai naka bos ɗin kakansa mugu, uban kakansa mugu, kowa mugu, to ina abin mamaki? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mun sani, amma in haka ne yaron bai zaɓi komai ba kenan, kuma wanda bai zaɓi komai ba ba ya ba da tsoro, tausayi ma ba ya bayarwa.

Ga inda Doom ya yi nasa zaɓin. Labarin ƙwaƙwalwarsa ya kai Amurka aka ba shi gurbin karatu kyauta, a can ya haɗu da Reed da Ben Grimm, shi ma ɗaya daga cikin jaruman huɗun. Ya haɗa wata na'ura don ya yi magana da matattu, uwarsa yake nema. Reed ya leƙa takardunsa yace malam lissafin nan akwai kuskure a ƴan lambobi, sake dubawa. Doom ya kore shi daga ɗakin. Ya kunna na'ura ta tarwatse a fuskarsa, makaranta ta sallame shi, kuma har gobe bai yarda shi ya yi kuskuren ba, wai Reed ne ya taɓa masa kaya. Daga nan ya nausa tsaunukan Tibet, wasu masu zaman kaɗaici suka tsince shi, ya koyi iliminsu har ya zama shugabansu, suka ƙera masa sulke, da aka zo kan fuskar ƙarfen ana ce masa ba ta huce ba yace a sa masa haka nan. Ya dawo ya ƙwace Latveria, babban birnin ma Doomstadt ake ce masa. Kaga ɗan masu yawo da aka kora cikin ƙanƙara shi ne ya dawo yana zaune a gidan sarautar, kuma da yake shugaban ƙasa ne ko ya shigo Niyok ɗan sanda bai isa ya taɓa shi ba.

Yanzu ajiye rubutu mu zo kan sana'armu. Je ka kalli hoton nan da kyau in ka shigo. Duk abin da na lissafa maka yana jikinsa. Hular alkyabbar da ta rufo goshi irin ta matsafa, uwarsa kenan. Sulken da ke cike da na'urori, jami'a kenan. Sarƙa da faifan zinare biyu a ƙirji, sarauta kenan. Fuskar kuma duba yadda Kirby ya yi ta, ƙusoshi a jere kamar an ɗaure tukunyar jirgi, ramukan ido masu kusurwa huɗu, ta cikinsu kana hango idon mutum na gaske da ɗan fatar da ta lalace a gefe, iyakar abin da za a nuna maka kenan. Ƙarfe ba ya murmushi ba ya ɓata rai, saboda haka duk fushin da izzar a idon nan za ka zuba su da yadda ya ɗaga haɓa, shi ya sa za ka ga sau da yawa daga ƙasa ake ɗauko shi, kai mai karatu kana kallonsa kamar wanda ya zube gaban sarki. Ko magana zai yi sai ya ambaci sunansa, Doom ya ce kaza, Doom ba ya roƙo. To ɗauko naka bos ɗin ka ajiye kusa da shi. Ƙaho biyu, haƙora waje, ƙwanji kamar buhun masara. Ina kakan da aka kora daga gari a jikinsa? Ina zoben da kace an gada tun kaka na uku? Ban gan shi a yatsarsa ba ko a akwati ɗaya, na duba har sau biyu.

Maganar tabon ma darasi ce. Shi Kirby a ransa ɗan ƙaramin tabo ne kawai a kumatu, har ya taɓa zana shi haka, wai tsabar son kai ne ya sa mutumin yake ganin fuskarsa ta gama lalacewa don ɗan layi ɗaya. Wasu kuma suka tafi a kan fuskar ta ƙone ƙurmus. John Byrne, marubuci kuma mai zane, a 1985 ya haɗa biyun, yace fashewar ƙaramin tabo ta bari, ƙarfen mai zafi da ya ƙi jira ya huce shi ya ƙarasa aikin. Ni wannan na fi so, don da hannunsa ya yi wa kansa. Amma abin da nake nuna maka, shekara sama da 20 ana jayayya a kan fuskar da ba a nuna ba, da an buɗe ta tun fitowa ta 5 da tuni an manta.

Kuma saboda an bar ƙofofi a buɗe ne na baya suka samu wurin shiga. A 1969 aka kawo Valeria, budurwarsa ta yarinta da ya bari ya tafi karatu. A 1971 aka nuna duk shekara yana zuwa ya kara da shaiɗanin don ya ƙwato uwarsa yana shan kaye. A 1989 Roger Stern da Mike Mignola suka rufe wannan babin a Triumph and Torment, Doom da Doctor Strange, jarumin matsafin Marvel, suka shiga har masarautar Mephisto, Doom ya yi kamar ya sayar da Strange don a sakar masa uwa, ita kuma da ta ga abin da ɗanta ya zama ta ƙi karɓar ƴancin da aka saya da cin amana, ƙin da ta yi shi ya wanke ta ta kuɓuta. Ya ceto ta amma ta tafi tana ƙyamarsa. Ranar da na fara karanta wannan sai da na ajiye littafin na fita waje na sha iska. Sannan a 2003 marubuci Mark Waid ya sa Doom ya nemo Valeria ɗin nan, ta yarda da shi, ya miƙa ta ga aljanu don a ƙara masa ƙarfin tsafi, don kar wani ya fara cewa ai bawan Allah ne ba a fahimce shi ba. Wani abin, ƴar Reed, haihuwa ta biyu a gidansa, Doom ne ya karɓi haihuwarta, ladansa kuma yace shi zai raɗa suna, ya sa mata Valeria. Magajinsa ma Kristoff ɗan riƙo ne ba ɗan cikinsa ba.

Inda kuma abin yake kwaɓewa in an cika dogon salsala, shi ma akwai. Tun a 1964 ɗin aka haɗa shi da Rama-Tut, matafiyin zamani wanda ya zama Kang, wani bos ɗin Marvel, suna tsaye suna tattauna ko jikansa ne na can gaba ko ma su biyun mutum ɗaya ne, daga baya kuma aka karkata da zuriyar Kang ɗin wajen gidan su Reed, har yau in ka tambayi masoya komik biyu sai ka ji amsa uku. Magneto, shi ma wani bos ɗin Marvel, haka, shekara wajen 30 ana cewa shi ne uban tagwayen jarumai Wanda da Pietro, a 2014 aka wayi gari aka ce a'a ba shi ba ne. Su kamfani ne mai marubuta ɗaruruwa, in sun yi ɓarna wani zai zo ya ɗinke. Kai kai kaɗai ne da fensirinka.

Ni ma na taɓa yin irin taka fa, kar ka ga kamar daga sama na faɗo. Ina saurayi na cika littafin makaranta guda biyu da zuriyar wani matsafi, na kai shafukan farko wajen maigidana, ya miƙa wa ɗansa ɗan firamare, yaron ya juya ya juya ya ɗago yace Baba wai wanne ne bos ɗin? Maigida ko uffan bai ce ba, ya miƙo min kayana.

Ga aikinka kafin Asabar. Cikin kakanni taran nan ka zaɓi mutum biyu kacal, ɗaya da ya bar masa wani abu da za a iya riƙewa a hannu, ɗaya da aka zalunta yana kallo. Ni da ni ne kakar nan mai saƙa ta shafi na 7 zan ɗauka, ita kaɗai ce na ji kamar mai rai a cikinsu. Sannan ka nemo min ranar da wani ya gaya masa gaskiya ya ƙi ji. Ka sake zana shi tsaye, gaba da gefe da baya, ka cire ƙahon nan don Allah, duk abin da ka rataya masa ka iya gaya min daga wajen wa ya samo shi. Sauran shafukan ka sa a ambulan ka ajiye a ƙasan akwati kar ka yaga, wata rana a fitowa ta 10 ko ta 15 za ka buƙaci ɗaya. In za ka taho ka biyo ka sayo tawada baƙa kwalba biyu da magogi, wancan ya ƙare, zan ba ka kuɗinka in ka iso. Ka gaida Mama.