"Na gaji" ai ba labarin jiya ba ne

Wata ɗaliba mai shirin WAEC ta aiko da tambaya, ta ce malaminsu na Turanci ya ce duk abin da ya wuce a sa shi a past simple, to ita sai ta fassara "na gaji" da I was tired, "na gode" kuma ta rasa yadda za ta yi da shi, shin ba shuɗaɗɗen lokaci ba ne su ma?

'Yata, tambayarki ta yi kyau wallahi, don nan ne yaranmu da yawa suke tuntuɓe. Abin da muke kira shuɗaɗɗen lokaci a nahawun Hausa, wato na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an, ba agogo yake nunawa ba, kammaluwar aiki yake nunawa. Shi ya sa mutum zai miƙe tsaye yana kakkaɓe riga ya ce "na tafi" alhali ko ƙofa bai kai ba. "Na gaji", "na sani", "na ƙoshi", "ya tsufa" duk halin da ake ciki ne yanzu, don haka I am tired ne, I know ne. Har abin da zai faru nan gaba ma yana shiga, kamar ki ce "kafin ki dawo na gama wanki". Shi kuwa past simple na Bature sai lokacin ya rufe ya wuce, jiya, bara, 2019. Indai kin ambaci irin wannan lokacin to I saw him yesterday za ki ce, ba I have seen him yesterday ba, wannan kuskuren yana jawo asarar maki sosai a jarrabawa.

Wani bambancin kuma, mu wakilin suna muke canzawa aikatau ya zauna yadda yake, mun tafi, za mu tafi. Su aikatau ɗin suke taɓawa, ko su liƙa masa -ed kamar walk ya koma walked, ko ya sauya kama gaba ɗaya, go ya koma went, eat ya koma ate, waɗannan ba dabara sai hadda. Kuma da zarar did ya shigo aikatau ya koma asalinsa, did you go, I did not go, kar ki kuskura ki rubuta did you went.

Inda Hausa ta fi kusa da past simple shi ne shuɗaɗɗen lokaci na biyu, kika, muka, kuka, suka, aka, wanda muke jera labari da shi: suka tashi, suka hau mota, aka kai su tasha. Ki gwada ba da tatsuniya da "sun" kaɗai ki ji yadda za ta yi nauyi a baki. A "ya" da "ta" da "na" da "ka" ma bambancin lokutan biyu yana nan, tsawon wasali ne, "ya zo" ana jan sa, "shi ne ya zo" ba a ja, rubutu ne kawai bai nuna ba.

Wani bawan Allah kuma ya tambayi me ya sa karin magana ke cewa "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski", wa ya ci, yaushe? Ɗan'uwa ba wani mutum takamaimai ake nufi ba, sharaɗi ne, duk wanda ya karɓi hakkin aiki to sai ya yi aikin ko da ransa ba ya so. Haka "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa", gargaɗi ne kan abin da bai ma faru ba tukuna. In za ka mayar da su Turanci present simple za ka ɗauka, if you see, whoever takes, in ka sa saw ko took ka mayar da karin magana labarin wani.