Allura a Kan Atamfa: Amsa Daga Zangon Kumasi

Assalamu alaikum 'yata. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara da sauran 'yan uwa na birnin Zariya. Saƙonki ya same ni tun makon jiya, na ƙi amsawa da murya don maganar tana da tsawo, gara in zauna in rubuta. Kin ga hoton da na tura wa dangi a WhatsApp, mu tara a kan tabarma kowace da ƙyallen atamfa a cinya, sai kika ce, "Goggo, atamfa ai da adonta ta fito daga kamfani, me kuma allura za ta ƙara mata?" Sannan kika tambayi nawa muke sayar da guda.

Ta biyun ta fi saurin amsa. Ba ma sayarwa, ko sau ɗaya ba mu taɓa sa wa abin kuɗi ba.

Na san inda tambayar ta samo tushe. Ke kin buɗi ido kin ga surfani sana'a ce. Mai zane ya zana aska takwas ko aska biyu a kan shadda, a shigar wa mata cikin gida su yi wata da watanni suna cikewa, a kai mabuga a buge ta har ta yi sheƙi, dillali ya ɗauka. Kowane tsinin allura da lissafinsa, wadda layinta ya karkace kuwa za ta ji a kuɗin aikinta. Ina ganin girman wannan aiki ƙwarai. Babbar rigar da mahaifina ya yi shekaru yana hawan idi da ita daga can wajenku aka kawo ta, har yau tana cikin akwatina, zarenta bai tsinke ba. Mu ma nan Zango muna da masu cin abinci da allura, teloli maza da keken surfani, da masu ɗinkin hula. Zamanmu na ranar Asabar hanyarsa daban.

Sai na fara kwatanta miki gidan, don ba ki taɓa zuwa ba. Muna Aboabo, ɗaya daga unguwannin Zangon Kumasi a ƙasar Gana. Gida ne na ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida guda, kowane ɗaki da iyalinsa. Akwai mu Hausawa, akwai Dagomba, Mosi, Wangara, Zabarmawa, da wata Ba'asantiya Kirista mai shagon zannuwa a kasuwar Kejetia, wadda ta fi shekara ashirin muna shan ruwan famfo ɗaya. Tsofaffinmu Tonawa suke kiran mutanenta. Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan, da farko ta Salaga, da yaƙin basasa ya tarwatsa garin a 1892 sai ciniki ya watsu zuwa wasu garuruwa, daga baya Kumasi ta zama matattara. Kakanki yana cikin waɗanda suka koma gida a 1969, lokacin da gwamnatin firaminista Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar. Mahaifina ya zauna. Abin da ya raba gidanmu biyu ke nan, ke a can ni a nan.

Lahadi a Zango ranar biki ce, aure ko suna ba ya yankewa, kuma kowane biki da ankonsa, wanda mu a nan muke ce wa yayi. Ki lissafa turmi nawa mace za ta yanka a shekara, kuma kowane ɗinki tela ya maido da guntun ƙyalle. Akwatunanmu sun cika da su, ba su isa riga ba, kuma zuciya ba ta yarda a zubar. Wata Asabar bayan la'asar, wata maƙwabciyata Bazabarma ta fito da guntun wata atamfa mai ganye, ta zare allura tana bin gefen ganyen da zare ruwan ƙwai tana hira, don kawai hannunta ya ƙi zama banza. Kafin a kira magariba ganye uku sun taso daga jikin zanen kamar a tsinke su. Asabar ta gaba mu huɗu ne. Yanzu wani lokaci mukan kai goma sha biyu, wani lokaci uku, babu rajista, babu tara ga wadda ba ta zo ba, babu shugaba. Mai zoɓo, wanda a nan ake kira sobolo, ta kawo. Mai gyaɗa ta kawo.

To ga amsar tambayarki ta farko. Farar shadda tana jiran a faɗa mata abin da za ta zama, shi ya sa sai an nemo mai zane. Atamfa kuwa ta riga ta zo da zanenta, aikinki kawai ki zaɓi abin da kike so ido ya fara sauka a kai. Fure goma ne a ƙyallen, ki ɗauki biyu ki bi gefensu da ɗinkin sarƙa, ki cike tsakiyar ɗaya da 'yan ƙulle-ƙulle, sauran takwas ki bar su yadda suke. In kika ce sai kin bi duka, zanen zai yi nauyi ya tattare, adon kamfani da naki su yi ta kokawa. Launin zare ma daga jikin zanen ake ɗauko shi. Ki duba launin da ya fi ƙaranci a ciki, wanda sai an matso ake gani, shi za ki nemo zarensa. Da kin ɗora shi sai ki ga zanen ya farka.

Abin da ya fi kwantar mini da rai shi ne kuskure ba ya tona asirin kowa. A farin yadi, ɗinki ɗaya ya kauce kowa zai gani daga bakin ƙofa. A atamfa launuka sun yi yawa, karkatar sai ta ɓace a cikinsu. Shi ya sa yarinya 'yar shekara tara da tsohuwar da idonta ya fara rauni suke zama tabarma ɗaya, ba wadda ake ce wa ta warware ta sake. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta yi surfanin zanen gado da rigunan matashi na ɗakin amare a kan farin yadi, kuma na tuna yadda take korar mu daga kusa da ita don kada mu sa ta ɓata ƙirga. Mu kuwa hirar ce ma ta tara mu.

Akwai 'yan ƙa'idojin da wahala ta koya mana. A fara wanke ƙyallen a cire sitaci, ya gama shan ruwansa ya tsuke, in ba haka ba ranar wankin farko ɗinkin zai yamutse. Atamfa saƙarta a matse take, siririyar allura take so, zaren kuma mai sili shida a raba shi biyu-biyu ko uku-uku, tsawonsa kada ya wuce kamu ɗaya don kada ya riƙa sarƙewa. Guga ta baya ake yi. Damina biyu muke yi a shekara a Kumasi, laima ba ta barin ƙarfe, don haka alluranmu a cikin kwalba mai murfi muke ajiye su da ɗan hoda, allura mai tsatsa kuwa tabonta ba ya fita. Zare kuma a jiƙa guntunsa a goga a farin tsumma kafin a fara. Wannan ni ce na jawo mana dokar. Na taɓa sayen jan zare mai araha, na yi Asabar bakwai ina yi wa jikata ɗankwali, wanki ɗaya jan ya zuba ya rine farin da ke jikin zanen. Na ji zafin abin har cikin raina, don yarinyar ta riga ta nuna wa ƙawayenta.

Zanen ma ba duka ke karɓar allura ba. Na kamfanin GTP da ake bugawa a garin Tema tun 1966, da na kamfanin ATL na garin Akosombo, da holan ta kamfanin Vlisco ga wadda Allah ya hore wa, audugarsu tana riƙe zare. Masu arahar nan da ake shigowa da su, waɗanda ake kwaikwayon zanen wasu, da yawansu fuska ɗaya ce da launi, allura na shiga sai ta bar farin rami.

Kada ki ɗauka mu muka ƙago ɗora zare a kan bugaggen zane a ƙasar nan. Maƙwabciyarmu ta Kejetia ta taɓa kai mu Ntonso, wani gari a hanyar Mampong, ba nisa da Kumasi, inda ake yin zanen adinkra. Da ɓawon ƙwarya suke sassaƙa hatimi, su dafa ɓawon wata bishiya da suke kira badie har ya yi baƙi ya yi kauri, su riƙa dangwalawa suna bugawa a yadi. Sannan a haɗa fallayen da wani ɗinkin hannu mai suna nwomu, ja da rawaya da kore da shuɗi a jere, faɗinsa kamar yatsa biyu. Na tsaya na daɗe ina kallon wani dattijo yana yi, hannunsa bai bambanta da na masu ɗinkin riga na wajenku ba. A wurinta kuma muka koyi cewa zannuwa a nan suna da sunaye, kuma mai ɗaurawa magana take yi da su. Akwai nsubura, wato rijiya, mai ɗige-ɗige a zagaye kamar an jefa dutse a ruwa. Shi ne ya fi daɗin bi da allura, da shi muke fara wa yara. Akwai ahwenepa nkasa, dutsen ado na gaske ba ya ƙara. Akwai sika wo ntaban mai tsuntsaye, wai kuɗi fiffike gare su. Wannan na ƙarshe malamar Islamiyyarmu ba ta yi masa surfani, ta ce ba za ta ƙara wa surar mai rai fitowa a abin da za a iya salla da shi ba. Ba wadda ta yi mata gardama, ita ma ba ta hana kowa ba, ganye da taurari take bi.

Wani abu kuma da ban yi zato ba. Jikokinmu Turanci suke yi a makaranta, Twi, harshen Tonawa, a titi, Hausarsu kuwa irin ta Zango ce, wadda za ki ji an ce "Amina ya zo", ba a raba mace da namiji. Ba na raina ta, da ita aka yi mini rawar kai a goye, amma ina so su san ta kakanninsu ma. In ka zaunar da yaro ka ce zo in koya maka Hausa, gudu zai yi. A tabarmar Asabar kuwa, yarinya tana jiran a zura mata zare a kafar allura, sai ta ji ana cewa shuɗi, algashi, ruwan goro, ruwan toka, ta ji tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ta ji wata ta ce sannu ba ta hana zuwa, ta tambayi ma'ana. Ranar da jikata ta nuna wani ƙulli da ta yi a tsakiyar fure ta ce, "Kaka, wannan ai dagi ne irin na rigar cikin akwati," sai da na juya fuska na share ido.

Abin da muka gama kuwa kyauta yake tafiya. Ɗankwali, rigar matashi, jakar allo ko ta Alƙur'ani ga 'yan makaranta, majanyin goyo ga mai jego, aljihun rigar da maigida zai sa ranar Juma'a, tunda tun 2004 gwamnati ta ƙarfafa wa ma'aikata sa kayan gida a wannan rana. Wani ƙyallen ma hannu huɗu ko biyar ne a jikinsa, wannan ta yi ganye ta gaji ta miƙa wa ta kusa. In ya je hannun mai shi, takan zauna tana nuna wa baƙi, nan aikin wance ne, nan na wance.

Na ajiye miki guntun nsubura shuɗi, na bi zagaye biyu da farin zare na bar sauran, allurar ma tana soke a gefe. Akwai mai zuwa Kano bayan Sallah, zan ba shi ya bar miki wurin ƙanwar babanki. In ya iso ki kira maƙwabciyarki ko 'yarki ta fari ku ƙarasa shi tare, ki turo mini hotonsa in nuna wa matan gidanmu, don sun riga sun san da zancenki.

Ki gaishe da babanki da kyau, ki ce masa ina nan ina jiran zumar da ya yi mini alkawari.