Ku zauna da shi, amma ku bar masa abin yi

'Yar'uwa, sannunku da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. Kin ce wata biyu ke nan da ambaliya ta cinye gidanku, yayanki ya daina magana, ba ya barci, kuna yi masa komai amma ba sauƙi.

Ni gobara ce ta same ni. Na yi makonni ina yawo da makullin ƙofar da ta riga ta zama toka, in sa hannu a aljihu in shafa shi. 'Yan'uwa sun tsaya mini, har gobe ina gode musu. Sai dai su ke zaɓar inda zan kwana, su ke cika mini takardun tallafi, ana maganata a gabana kamar ba na wurin. Wuta ta nuna mini ba ni da iko a kan komai, tausayinsu kuma ya ƙara tabbatar mini da hakan, ba da niyya ba.

Ranar da na fara farfaɗowa, wani dattijon maƙwabci ne ya miƙo mini biro da takarda, ya ce: "Rubuta abin da ya tsira, ka faɗa mana ta inda za mu fara." Hannuna na rawa na rubuta. Daren nan na yi barci.

To ku riƙa tambayar yayanki, kuna jiran amsarsa ko ta yi jinkiri. Kuma kada ku raba shi da mutanen da ya saba da su. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta Japan a 1995, an rarraba mutane gidajen wucin gadi ta hanyar ƙuri'a, aka raba maƙwabta, tsofaffi da dama suka mutu su kaɗai a ɗaki kafin a ankara.

Kada ku matsa masa ya ba da labarin ranar. Jagorar agajin farko na kwantar da hankalin waɗanda bala'i ya shafa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta ce a saurara, ba a tilasta ba.

Amma rashin barcin nan ya dame ni. Tunda ya wuce wata guda, ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, shi ya zaɓi ranar da wanda zai raka shi. Idan kuwa ya fara cewa gara ya mutu, ku tafi a ranar, kada ku bar shi shi kaɗai.