Amsa ga mai neman tantin da zai goya zuwa Chappal Waddi

Salam Malam, na ga tambayarka tun jiya ban samu zama ba sai yanzu. Ka ce kai da ƙaninka za ku hau dutsen Chappal Waddi da ke yankin Mambila a jihar Taraba a watan Disamba, kwana uku ko huɗu a daji, kuma ka ga tanti kala uku a intanet, akwai irin wanda ake wullawa ya buɗe da kansa, akwai mai gram 900 mai rufi ɗaya, sai mai kusan kilo 2 mai rufi biyu, kana so a faɗa maka wanda za ka saya tunda a bayanka zai tafi. To in a gajarce kake so, ɗauki mai kilo 2 ɗin nan in dai sandunansa na alminiyam ne. In kuma dalili kake so sai ka gyara zama don ni kam na sha wuyar abin nan da kuɗina da jikina.

Wanda ake wullawa ɗin nan ma kar mu ɓata lokaci a kansa. Yana da daɗi in mota ce za ta kai ka har inda za ka kwana, amma in ka naɗe shi zagaye yake komawa kamar tayar keke, ba jakar goyon da zai shiga, sai dai ka ɗaure shi a baya kana tafe yana kama reshe iska na juya ka. Ka bar shi kawai.

Mai gram 900 ɗin shi ne yake yaudarar mutane, ni ma irinsa ne ya fara yaudarata. Na farko da na saya mai rufi ɗaya ne, ba zan kira sunan kamfanin ba, na ɗaga shi da yatsa biyu na ce shi kenan na more. Muka je duwatsun Shere da ke gefen Jos da hunturu ni da wani abokina, sama garau ko ɗigon hadari babu, muka zuge zif ɗin gaba ɗaya saboda sanyin Jos kun san shi ba ya wasa. Wajen ƙarfe uku na dare sai na ji abu ya ɗiga min a goshi, na kunna tocila na haska sama, wallahi duk cikin rufin ya yi tsatstsafo, ɗigo ɗigo a jere suna ƙyalli, abokina ya juya kafaɗarsa ta bugi gefen tantin sai ga yayyafi a kanmu a cikin ɗaki. Bargona ta wajen ƙafa ya jiƙe sharkaf don ƙafata na taɓa bango. Da asuba na fito ina ta faɗa wai an sayar min da mai yoyo, ashe ba yoyo ba ne, numfashinmu ne. Ka san yadda murfin tukunya yake tara ruwa ta ciki in ana dahuwa, to haka ne, tururin bakinku da gumin jikinku ya tashi ya tarar da yadi mai sanyi sai ya koma ruwa. Mutum biyu kuma ninki biyu.

Amfanin mai rufi biyu kenan. Na ciki yadi ne marar kauri haɗe da raga irin ta gidan sauro, tururi yana ratsa shi ya wuce, ya je ya kwanta a jikin rufin waje ya gangara ƙasa, tsakaninsu akwai tazara kamar faɗin tafin hannu, kai kana ciki a bushe. Ba wai shi ba ya tara ruwan ba ne, yana tarawa, da safe za ka ga rufin wajen a jiƙe ciki da bai, amma ba a kanka yake ba. Kuma inda za ku je ya fi Shere wannan matsalar, Chappal Waddi mita 2,419 ne, babu inda ya kai shi tsawo a Najeriya, Shere kuwa 1,829 ne, sannan yankin Mambila ko da rani ciyawa tana kwana da raɓa, ka fito da safe takalminka ya jiƙe kamar ka tsallaka rafi. Turawan da kake gani suna yawo da mai rufi ɗaya sun san yadda ake barin ƙofa a buɗe, suna da tsumman goge ciki, kuma sun yarda da ɗan jiƙewar don su rage rabin kilo a tafiyar wata da watanni. Kai kwana huɗu za ka yi, ina ruwanka da wannan sadaukarwar.

Kuma ka duba da kyau, yawancin masu gram 900 ɗin nan ba sa zuwa da sanduna, da sandar dogarawa ta masu hawa dutse ake kafa su, shi ya sa nauyin ya faɗi haka. In ba ka da sandunan sai ka sake saya, kuma irin wannan tantin ba ya tsayuwa sai an ja shi da turaku ta kowane gefe. A Mambila ƙasa tana karɓar turke, ba laifi, amma ranar da ka je wuri irin Shere ka samu falalen dutse ko ƙasar da rani ya busar ta zama kamar siminti, za ka ta bugawa turken yana lanƙwashewa. Wanda sandunansa ke gicciye su riƙe shi yana tsayuwa da kansa, ka ɗaga shi ma ka canza masa wuri ko ka kakkaɓe yashi, in turke ya ƙi shiga ka ɗaura igiyoyin a jikin duwatsu.

Maganar sanduna, dan Allah kar ka yarda da na faiba. Su ne baƙaƙen nan masu nauyi da ake sa wa tantuna masu araha. Na ga yadda suke ƙarewa da idona a tafiyarmu ta Mambila, wani da muke tare iska ta taso da magariba ta kwantar da tantinsa ta ɗago, ta sake kwantarwa, a na uku sai muka ji ƙas, sandar ta tsage a tsaye kamar rake, tsinin ya huda rufin, da ya kai hannu zai gyara ƙananan zaruruwan suka shige masa tafi kamar ƙaiƙayi, kwana biyu yana tsintar su. Alminiyam ya fi rashin nauyi kuma in abu ya yi tsanani lanƙwashewa yake, ka miƙar da shi a hankali ka ci gaba da tafiya. In ka ga an rubuta 7001 ko DAC a bayanin sandunan to alminiyam ne mai kyau.

Sai lambobin nan da suke rikita mutane. Wanda ake rubutawa da mm, kamar 1,500mm ko 3,000mm, awon ƙarfin yadin ne wajen tare ruwa, bututu ake ɗorawa a kan yadin a yi ta zuba ruwa har sai ya fara ratsawa, tsawon ruwan a lokacin shi ne lambar. Na rufi in ya kai 1,500 zuwa sama ya isa, na ƙasa shi nake so ya kai 3,000 ko fiye don gwiwarka da gwiwar hannunka suna danna shi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, dannawar ce ke turo ruwa. Amma kar lamba ta ruɗe ka, na ga mai 5,000 da ke yoyo ta ɗinki, ruwa ta ramin allura yake shiga, saboda haka ka juya rufin ka duba ko an bi ɗinkin da wani siririn tef mai kama da leda. In babu, ka tambaya, don wasu yadukan masu silikon tef ba ya kama su, kai ne za ka bi ɗinkin da gam ɗin silikon da kanka kafin tafiya. Lambar da ke da D a ƙarshe kuma kaurin zare ce, 15D da 20D marasa nauyi ne amma suna son lallaɓawa, 68D ko 70D ƙarfi kamar me amma ga nauyi. Ni 20D a rufi ya yi min, ƙasan kuma ina shimfiɗa masa wani abu. Ba sai ka sayi shimfiɗar kamfani ba, leda mai kauri ka yanka, amma ka yanka ta ta ɗan gaza faɗin tantin, in ta leƙo waje ita ce za ta tari ruwa ta kai maka ƙarƙashi.

Nailan da foliyesta kuwa, nailan ya fi ƙarfi in aka kwatanta da nauyinsa amma in ya sha raɓa saki yake, ka kafa shi ɗamau da yamma cikin dare ka ga ya yi tumbi yana taɓa na ciki, sai ka fita ka ƙara jan igiya. Foliyesta ba ya saki sosai kuma ya fi jure rana. Duk wanda ka samu cikinsu zai yi, ba a nan tafiyarka za ta lalace ba.

Abin da na fi so ka kula shi ne wai "na mutum biyu". Mutum biyun nasu kafaɗa na gogar kafaɗa ne, faɗin yawanci santimita 120 zuwa 130, ba wurin jaka ko ɗaya. In kai da ƙanin naka masu jiki ne ku duba na mutum uku, ku raba kayan, ɗaya ya ɗauki sanduna da turaku ɗaya ya ɗauki yadi, kowa ya tashi da kilo ɗaya da ɗan wani abu, ka ga maganar nauyin ma ta mutu. Ka nemi mai ɗan zaure a bakin ƙofa inda rufin waje ya zarce, nan za ku ajiye takalma da jaka da buta. Mai ƙofa biyu ya fi daɗi, in ba haka ba duk wanda zai fita fitsari ko alwalar asuba sai ya taka ɗan uwansa. Tsayin ciki kuma in za ka iya zama kanka bai taɓa sama ba ya wadatar, sallah dai a waje za ku yi ta. Ka auna tsawonka ma, in kai dogo ne ka nemi wanda ya kai santimita 210 zuwa sama.

Kuma nauyin da suke rubutawa da manyan baƙaƙe sau da yawa ba da turaku da igiyoyi da jakar ba ne, akwai wani nauyin na biyu da suke sawa a ƙasa, shi ne na gaskiya wanda bayanka zai ji. In kana son sunaye don ka kwatanta, Naturehike Cloud Up shi ne wanda masu ƙaramin ƙarfi suka fi saya, ƙofa ɗaya gare shi ta wajen kai, MSR Hubba Hubba da Big Agnes Copper Spur kuma masu ƙofa biyu ne amma kuɗinsu da dalar yanzu sai ka dafe ƙirji. In ka ci karo da irinsu a gwanjo kar zumuɗi ya ɗebe ka, sa hannu ka shafa cikin rufin da ƙasan, in yana danƙo ko yana wani wari mai tsami ko kana ganin abu yana ɓarewa kamar fatar maciji to maganin tare ruwan ya mutu, ajiya cikin zafi da laima ke jawo haka kuma wanki ba ya gyara shi. Ka ja kowane zif sau uku, ka ɗaga ragar a rana ka nemi huji, don ramin da bai kai ƙwayar gero ba ma ya ishi tururuwa da sauro.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, kar ku kunna risho ko gas ko ku shigo da garwashi cikin tanti don sanyi, hayaƙin da ke kashe mutane a ɗaki in sun kwana da janareta ko gawayi shi ne dai wannan, ba shi da wari, ga yadin kuma narkewa yake cikin ƙiftawar ido. Sanyi na jakar barci ne da katifar shimfiɗa, tanti iska da raɓa kawai yake tare maka, kuma ko sanyin ya kai yaya ku bar 'yan tagogin saman nan a buɗe.

Dutsen yana cikin gandun Gashaka Gumti ne a kan iyakar Kamaru, don haka ku fara tuntuɓar hukumar gandun a Serti kan izini da ɗan rakiya da halin da hanya take ciki kafin ku kama hanyar Mambila. In tantin ya iso kuma ku kafa shi a tsakar gida sau biyu, sau ɗaya da rana sau ɗaya da dare da tocila, ƙaninka ya shiga ciki kai ka yi ta watsa masa ruwa da bokiti ta kowane gefe, in akwai inda ke ɗiga gara ku gani a gida. Ku ƙirga turakun ku ƙara guda biyu don sai ɗaya ya ɓata a ciyawa, sannan ka duba cikin jakar sandunan akwai wani ɗan guntun bututu kamar tsawon yatsa biyu, mutane da yawa jefar da shi suke don ba su san aikinsa ba, shi ake zurawa a kan sanda in ta karye a naɗe da salatif.