Tambaya da Amsa: Mai sayen zoborodona ɗan Meksiko ne, ko in koyi Sifaniyanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Maigatari, ina tara zoborodo ina sayar wa masu fitarwa waje. Bana wani ɗan Meksiko ya nemi mu yi hulɗa kai tsaye, amma Turancinsa kaɗan ne, nawa ma haka. Shekarata 46. Anya zan iya koyon yarensu, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Za ka iya, kuma ina so ka fara tun kafin kaka ta kama. Ni ma da furfurata na fara, lokacin da nake harkar riɗi. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne wasulansu biyar ne kamar namu, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta kalma kusan haka ake faɗinta. Wanda ya yi allo ma zai riƙa cin karo da Larabci a ciki: azúcar sukari ne, aceite mai, almacén kuma sito.

Shawarata ka koyi Sifaniyancin mutuminka da na hajarka, ka ajiye sauran tukuna. A Meksiko sunan zoborodo flor de jamaica, ana furta shi "hamaika", kuma suna jiƙa shi su sha da sanyi kamar yadda muke shan zoɓo. Riɗi a wurinsu ajonjolí ne, a Sifaniya kuwa an fi cewa sésamo. Ka sayi ƙaramin littafi ka rubuta kalmomin da ciniki ba ya yiwuwa sai da su: precio farashi, muestra samfur, tonelada tan, anticipo kafin alƙalami, aduana kwastan.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne ƙirga. Wata rana muna waya da wani mai saye, layin yana yankewa, ya ce setenta, wato 70, ni kuwa na ji sesenta, 60. Harafi ɗaya ne tsakaninsu. Na rubuta a bayan ambulan, na kwana ina lissafi a kan kuskure, sai da takardarsa ta iso na gane. Tun daga ranar duk adadin da aka faɗa mini a baki sai na ce a turo mini shi a rubuce ta WhatsApp. Ka kuma lura cewa alamar $ a Meksiko ta kuɗinsu ce, peso, don haka kullum ka tambaya dala ake nufi ko peso. In Allah ya kai ka ga 'yan Sifaniya, su 1.500 a rubutunsu dubu ɗaya da ɗari biyar ne, 1,50 kuwa ɗaya da rabi.

Sai ladabi, wanda Bahaushe ba baƙonsa ba ne. Suna da tú na tsara da usted na girmamawa. Ka riƙe usted har sai shi da kansa ya ce ku sauka. In ka ga ya sa laƙabin Licenciado (mai digiri) ko Ingeniero (injiniya) gaban sunansa, ka kira shi da shi, kamar yadda ba za ka so a cire maka Alhaji ba. Ka tambayi iyali kafin ka shiga farashi.

Takardar shaidar iya Sifaniyanci irin DELE, wadda cibiyar Cervantes ta ƙasar Sifaniya ke shirya jarabawarta daga matakin A1 zuwa C2, ba ta zame maka dole ba, sai dai in kana da yaron da kake son ya gaje ka. Minti 30 bayan asuba kullum, da malami ta intanet sau biyu a mako, sun ishe ka farawa. Amma yarjejeniya kam, don Allah kada ka sa hannu sai ƙwararren tafinta da lauya sun duba, ko da bakinka ya buɗe.

Birnin Meksiko yana bayanmu da awa 7, don haka ka riƙa kiransa bayan la'asar, lokacin shi yake buɗe ofis. Allah ya sa albarka a kasuwa.