Yadda masu kafa sabbin kamfanoni ke kallon abokan gogayyarsu

Ka tambaya ko masu kafa sabbin kamfanoni suna ƙin abokan gogayyarsu ne. A ganina, fargaba ta fi ƙiyayya yawa a zukatansu. Mutumin da ya shafe shekara biyu yana gina manhajarsa, idan ya wayi gari ya ga wani ya fito da irinta, har masu zuba jari sun ba shi kuɗi, gabansa zai faɗi, ya kwana yana duba farashin wancan da abin da masu saye ke faɗa a kansa. Abin da ke damuna shi ne, wannan sa ido yakan hana shi sauraron koken nasa masu sayen.

Fargabar kuwa tana da dalili, domin a 2013 Snapchat ya ƙi tayin da Facebook ya yi na saye shi a kan dala biliyan 3, sai ga Instagram, mallakar Facebook, ya fito da Stories (tsarin wallafa hotuna da bidiyo masu ɓacewa bayan kwana ɗaya) a 2016, kusan kwafin na Snapchat.

Duk da haka, da yawansu sun san juna, suna gaisawa a taruka, saboda bayyanar abokin gogayya shaida ce cewa akwai kasuwa. Microsoft ma ya zuba dala miliyan 150 a Apple a 1997, lokacin da Apple ke cikin mawuyacin hali.