Wanda Ya Gaji Gadoji

Tambaya daga wani matashi a Funtuwa:

Assalamu alaikum, Baba. Bayan arba'in ɗin mahaifinmu aka buɗe adakarsa don rabon gado. A can ƙasa, ƙarƙashin manyan riguna, muka tarar da kwalin takalmi cike da katuna masu hoto, sun fi 60, galibinsu gadojin ƙasashen waje, ga kan sarki a bayansu. Yayyena suka ce tarkace ne, ni kuwa na kwashe. Akwai wani mai hasumiya biyu da marigayi ya rubuta "Gadar Landan" a gefensa da fensir. Ina son sanin abin da na gada, kuma ina so in ɗora daga inda ya tsaya. Wai har yanzu ana aika irin waɗannan kuwa?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan Malam, Ya kai haske kabarinsa. Yayyenka sun ɗauki riguna, kai ka gaji gadoji, kuma ba na jin an ƙware ka a rabon nan.

Ban san mahaifinka ba, amma na san irinsa, don ni ma cikinsu nake. Mu ne 'yan zamanin rediyo mai gajeren zango, masu rubuta wa tashoshin ƙetare wasiƙa mu zauna jiran amsa wata biyu. Katina na farko a 1978 ya zo, ina makarantar horon malamai, daga tashar Jamus wadda a lokacin take birnin Kolon. Hoton wata gadar jirgin ƙasa ce ta baƙin ƙarfe mai baka uku, bayanta ga majami'a mai tsini biyu kamar za su tsokale sama. Mako guda na yi ina yawo da shi a aljihun gaba har kusurwarsa ta lanƙwashe, alamar tana nan har gobe. Sai daga baya na san sunan gadar Hohenzollern, an gama ta a 1911, kuma sojojin Jamus da hannunsu suka tarwatsa ta da nakiya a watan Maris na 1945, lokacin da Amurkawa ke shiga garin. Ashe wadda nake ta nuna wa abokai gyararriya ce.

Batun "Gadar Landan" kuwa, Malam ya yi kuskuren da rabin duniya ke yi. Mai hasumiya biyun nan Tower Bridge sunanta. An buɗe ta a 1894, kuma tsakiyarta rabewa take yi gida biyu, kowane ɓangare ya ɗaga sama, jirgin ruwa ya wuce. Wadda ake kira London Bridge tana gaba kaɗan a kan kogin Thames, shimfiɗaɗɗiya ce ta kankare, ba wani ado, in ka gan ta a hoto ba za ka sake kallo ba. Tsohuwarta ta dutse, wadda aka gina a 1831, da ta fara nutsewa a hankali sai hukumar birnin ta sa ta a kasuwa. Wani attajirin Amurka, Robert McCulloch, ya saya a 1968 a kan dala miliyan 2 da dubu 460. Aka sa wa duwatsun lamba, aka loda su a jirgin ruwa, aka sake jera su a garin Lake Havasu cikin hamadar Arizona, aka buɗe a 1971. An daɗe ana yi masa tsiya wai ya zaci mai hasumiyar ya saya, shi kuwa ya musanta. Kada dai ka goge rubutun fensir ɗin nan. Hannun mahaifinka ne.

Yanzu juya katunan ka kalli bayansu, don a nan ne mai tarawa ke bambanta da mai kallon hoto. Duba kan sarki, ka ga wace ƙasa ce. Duba hatimin gidan waya da aka buga a kansa, zai ba ka gari da rana. Sannan ka lura da layin nan da ya raba bayan kati biyu, saƙo a hagu, adireshi a dama. Ba da shi aka fara ba. Katin farko da aka fitar a Austiriya ranar 1 ga Oktoba 1869 ko hoto ba shi da shi, kuma ko da hoto ya shigo, bayan kati na adireshi ne kaɗai, mai saƙo sai ya matsa rubutunsa a gefen hoton. Ingila ce ta yarda a raba bayan a 1902, Amurka sai 1907. In ka ci karo da katin da ba layin nan, ka riƙe shi da hannu biyu, mai yiwuwa ya girmi kakanka.

Bari in ba ka misalin abin da ya sa nake nanata bayan kati. Ina da katuna biyu na gadar Mostar da ke ƙasar Bosniya, wata gadar dutse mai baka ɗaya tilo a kan kogin Neretva. Wani magini mai suna Hayruddin ya gama ta a 1566, zamanin Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya. In ka ajiye katunan biyu gefe da gefe, hoto kusan ɗaya ne: ga bakan, ga koren ruwa a ƙasa, ga hasumiyar masallaci a baya, har da samarin garin da ke dirowa cikin kogin daga tsayin da ya haura mita 20. Amma na farkon kan sarkinsa "Jugoslavija" aka rubuta, na biyun "Bosna i Hercegovina". Tsakaninsu an yi yaƙi. Ranar 9 ga Nuwamba 1993 aka yi wa gadar luguden wuta har ta rufta cikin ruwa, bayan ta yi shekara 427 a tsaye. Sai a Yulin 2004 aka buɗe sabuwa, irin ginin da, da dutsen yankin. Wato na farkon cikin biyun nan hoton gadar da babu ita ne, daga ƙasar da babu ita. In ka dube su da kyau za ka ga dutsen na biyun ya fi fari, bai sha hannu da ruwan sama ba tukuna. Wanda ya sauke hoton Mostar a wayarsa ba zai taɓa samun wannan ba.

Ko har yanzu ana aikawa? Sosai ma. Hanya mafi sauƙi ga sabon shiga ita ce Postcrossing, wani tsari da wani ɗan Fotugal, Paulo Magalhães, ya kafa a Yulin 2005. Rajista kyauta ce, kuɗin kati da na kan sarki kawai za ka kashe. Ka nemi adireshi, kwamfuta ta zaɓo maka mutum a ko'ina cikin duniya, ta ba ka lamba, taka za ta fara da NG tunda daga Najeriya kake. Ka rubuta lambar a jikin kati ka aika. Ranar da ya isa, mai shi ya shigar da lambar, sai a ba wani baƙo can daban adireshinka. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan, sai dai wanda ka ba gishirin ba shi zai ba ka mandar ba. Da farko kati 5 kawai za a bari ka sa a hanya, yana ƙaruwa gwargwadon yadda naka ke isa. A bayanin kanka ka rubuta cewa gadoji kake so. Ba dole ba ne a kan kowa, amma Jamusawa da mutanen Finlan da Rasha akwai su da cika wa mutum buri.

Abu biyu zan gargaɗe ka. Ka kama akwatin gidan waya, ko ku haɗa kuɗi da abokai biyu ku kama ɗaya, don "bayan gidan mai unguwa, kusa da mai shayi" ba ya kawo wasiƙa daga Helsinki. Sannan ka koyi haƙuri. Wani katin mako uku, wani wata biyu, wani kuwa har abada, ba ka san a hannun wa ya kwana ba.

Tambaya daga wata uwargida a Maraɗi:

Baba, barka da aiki. Na yi rajista, an ba ni adireshin wata mata a Finlan mai son gadoji da tsofaffin gine-gine. Na zaga gari neman kart postal, wani mai shago da na ce masa katin gidan waya nake so sai ya miƙo mini katin kira. Me zan aika mata?

Amsa:

'Yata, kin ba ni dariya, don ni ma an yi mini haka. Yau in ka ce "kati" ba abin da ke zuwa ran yaro sai na sa wa waya.

Wannan ita ce babbar matsalarmu, mu masu tarawa a nan. Karɓa ba wuya, abin bayarwa ne babu. Ki fara leƙa manyan otal da shagunan kayan tarihi in kin shiga Yamai, wani lokaci akan dace da tsofaffi da suka yi ƙura. In ba a dace ba, ki buga naki. Ki sami hoto mai kyau wanda ke kika ɗauka, ko wanda mai shi ya yarje miki, ki kai wa masu buga katin biki. Ki ce musu santimita 10.5 da 14.8, a takarda mai kauri irin ta katin ɗaurin aure, fuskar hoto mai sheƙi, baya kuwa mara sheƙi don biro ya kama. A ja layi a tsakiyar bayan, a bar gurbin kan sarki a sama ta dama. Ki sa a rubuta sunan wurin da ƙananan haruffa a ƙasa. Akwai masu cewa ba sa son katin da mutum ya buga da kansa, sai ki karanta bayanin mutum kafin ki aika, amma kati mai lamba NE, wato daga Nijar, ba kullum ake ganinsa a Turai ba, da wuya a yi masa tsaki.

Abin ɗauka kuwa kuna da shi. Ga gadar Kennedy a Yamai, wadda aka buɗe a 1970, in aka dace da la'asar sakaliya da masu kwale-kwale a ƙarƙashinta. Ga hasumiyar masallacin Agadas ta laka mai tsayin mita 27, da itatuwan nan da suka fito a jikinta kamar ƙaya. Mu ma a nan ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga tsohuwar gadar Makurɗi ta 1932, ga 'yar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga da aka gina a Zungeru a 1904 aka ciro ta aka kawo Kaduna. Amma ki yi hattara. Gada wuri ne da ake tsaro. Na taɓa tsayawa a kan wata a hanyar kudu, kafin in danna kyamara masu kaki sun kewaye ni. Awa biyu na yi ina rantse-rantse, katunan da ke cikin jakata ne suka fitar da ni, bayan babbansu ya zaɓi na gadar Golden Gate ta Amurka ya sa a aljihu. Ki nemi izini tukuna.

Akwai dalilin da ya sa nake matsa wa mutane su buga nasu. Yawancin tsofaffin katunan ƙasashenmu baƙi ne suka yi su. Wani Bafaranshe mazaunin Dakar, Edmond Fortier, ya buga dubbai a farkon ƙarni na 20. Ba a raina aikinsa ba, don a katinsa na 1906 ne ake ganin kangon tsohon masallacin Jenne da ke Mali kafin a sake gina shi a 1907. Amma shi ɗin dai ya cika kasuwar Turai da hotunan 'yan matanmu ba mayafi ba riga. Abin da idonsa ya so shi ya nuna. Yanzu kyamara tana hannunki.

A bayan katin kada ki tsaya a "gaisuwa daga Nijar". Ki sa kwanan wata, ki gaya mata zafin ranar ya kai 42, ki ce yau fura kika dama. Wanda ƙanƙara ta rufe wa ƙofa zai karanta wannan sau uku.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kano:

Malam, nawa ake samu a harkar nan?

Amsa:

Alhaji, ba a samu, kashewa ake yi. Akwai tsofaffin katuna da ake gwanjonsu da tsada a Turai, irin waɗanda aka sayar a hasumiyar Eiffel shekarar da aka buɗe ta, 1889, amma katin da aka buga dubu ɗari jiya ba zai sayi buhun shinkafa ba ko jikanka ya tsufa. In riba kake nema, ka buga katunan Dala da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata masu kyau ka ajiye a shago. Ni zan fara saye.

Tambaya daga wani malamin makaranta a zangon Kumasi:

Baba, damina ta lalata mini katuna 9, sun manne da juna, gara kuma ta ci gefen wasu. Wani ya ce in kai a yi musu lamineshan.

Amsa:

Malam, sannu da asara, amma kada ka kuskura. Zafin injin nan da gam ɗinsa in sun kama kati ba sa saki, kuma ka kashe darajarsa ke nan. Haka ɗaure su da roba, narkewa take yi ta bar baƙin zane. Ka jera su a tsaye cikin kwali kamar katunan asibiti, da farar takarda tsakanin masu sheƙi. Ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi ko robar magani. Kwalin ya hau saman kabad, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kuma duk wata ka sauke ka duba. Waɗanda suka manne kada ka fizge, ka bar su har iska ta bushe, ka gwada da bakin reza a hankali. Wanda ya ƙi, bar shi a haka. Kan sarki kuma kada ka ɓamɓare, ko yara sun dame ka.

Tunda kana Gana, ga tawa buƙatar. Shekara da shekaru ina neman katin gadar Adomi da ke kan kogin Volta, wadda aka buɗe a 1957, ban samu ba. Ina da biyu na gadar Çanakkale ta Turkiyya, wadda a 2022 ta ƙwace kambun gada mafi tsawon tazara a duniya daga gadar Akashi ta Japan da tazarar mita 2,023 tsakanin ginshiƙanta. In ka aiko mini da Adomi ta adireshin mujalla, da kan sarkin Gana da hatimin Kumasi a baya, ɗaya naka ne.